Yadda Ake Tara Bektocin Ƙarfi, A Fitar Da Girmansu Da Alƙiblarsu

Mutum biyu sun ɗaura igiya a jikin wani babban akwati da ke kan daɓe mai santsi. Ɗaya yana ja gabas da ƙarfin niyuton 30, ɗayan yana ja arewa da ƙarfin niyuton 40. Wane ƙarfi ne akwatin yake ji, kuma ina zai dosa? Duk lokacin da na jefa wa ɗalibai wannan tambayar, kafin in rufe baki wani ya ce 70. Amsar kuwa 50 ce.

Da su biyun gefe ɗaya suka tsaya suna ja wuri guda, da 70 ɗin ta yi daidai. Da kuma gaba da gaba suke, kowa na ja wajensa, da abin da zai rage 10 ne kacal, akwatin ya bi mai 40. To tunda ɗaya gabas ya nufa ɗaya arewa, amsar ta faɗo tsakanin 10 da 70. Abin da ya jawo haka shi ne ƙarfi abu biyu yake ɗauke da su a lokaci guda: yawansa da inda ya nufa. Duk abin da ke da waɗannan biyun, a lissafi bekta ake ce masa. Yawan nasa shi muke kira girma, inda ya nufa kuma alƙibla. Tsawon igiya ko zafin ɗaki lamba ce zalla, ba ruwanta da alƙibla, shi ya sa ake tara irinsu kai tsaye. Ƙarfi ba ya yarda da haka.

Niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi, ana rubuta shi da harafin N, kuma sunan Isaac Newton ya ci. Niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai sa abu mai kilogiram 1 ya riƙa ƙara gudun mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Abu mai kilogiram 1 da ka riƙe a tafin hannu yana danna hannunka ƙasa da kusan 9.8 N. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi can gaba.

Kayan aikin da za ka tanada ba su da yawa: takarda, fensir, rula, da kalkuleta mai maɓallan sin, cos da tan.

Mataki na farko: zana abin kafin ka taɓa kalkuleta

Ja layi a kwance, ka sa masa suna x. Ja wani a tsaye ya ratsa shi, ka sa masa suna y. Inda suka haɗu, nan ne abin da ake ja ko turawa yake, ko akwati ne ko ƙusa ko jirgin ruwa, ka mai da shi ɗigo ɗaya. Daga wannan ɗigon sai ka zana kowane ƙarfi a matsayin kibiya. Tsawon kibiya shi ne girman ƙarfin, tsininta kuma shi ke nuna alƙibla. Ba sai zanen ya yi kyau ba, amma kibiyar 40 ta fi ta 30 tsawo, kuma kowace ta kalli inda ya kamata.

Yarjejeniyar da kowa ke bi ita ce dama da sama suna ɗaukar alamar tarawa, hagu da ƙasa suna ɗaukar alamar ɗebewa. Kusurwa kuma ana fara auna ta daga layin x na dama, a juya saɓanin tafiyar hannun agogo. Sama kenan digiri 90, hagu 180, ƙasa 270.

Mutane da yawa suna tsallake zane don suna ganin ɓata lokaci ne. Ni dai a ganina mafi yawan makin da ake asara a wannan darasi daga nan ake asararsa. Zanen ne zai gaya maka tun kafin lissafi cewa amsarka ta kamata ta nufi arewa maso gabas, saboda haka in kalkuleta ta ba ka wani abu daban, nan take za ka san akwai inda ka kuskure.

Da zane kaɗai ma ana iya tara bektoci. Ka ɗauki kibiya ta biyu ba tare da ka juya ta ba, ka ɗora gindinta a kan tsinin ta farko. In akwai ta uku, ɗora gindinta a tsinin ta biyu. Kibiyar da za ka ja daga gindin ta farko zuwa tsinin ta ƙarshe ita ce jimillar ƙarfin, wadda ake yi wa alama da R. A misalin akwatin nan, ka ja santimita 3 zuwa dama, daga nan ka hau santimita 4 sama, ka aza rula daga farko zuwa ƙarshe: santimita 5 za ka gani. Wannan dabara ta daɗe. Simon Stevin, haifaffen birnin Bruges a ƙasar Beljiyam ta yanzu, ya yi aiki a kan rabon ƙarfi cikin littafinsa na 1586, Newton kuma ya kawo ƙa'idar haɗa ƙarfi biyu a farkon babban littafinsa na 1687. Matsalar zane ita ce rula da fensir suna da iyaka. In ana son amsa mai lambobi bayan ɗigo, dole a koma lissafi.

Mataki na biyu: fasa kowane ƙarfi gida biyu

Nan ne zuciyar aikin. Duk kibiyar da ta karkace, ana iya ɗaukarta kamar tafiya biyu: kaza a kwance, kaza a tsaye. Waɗannan su ne ɓangarorinta. Ana amfani da haruffa biyu wajen rubuta su: i tana nufin taki ɗaya zuwa dama a kan layin x, j tana nufin taki ɗaya zuwa sama a kan layin y. Saboda haka 6i + 2j ƙarfi ne da ke ja dama da 6, yana ja sama da 2. Haka −4i + 7j yana ja hagu da 4, sama da 7.

Wani lokaci tambayar ta riga ta fasa maka su, hutu ya same ka. Wani lokaci kuma girma da kusurwa za a ba ka, kamar a ce 50 N a kusurwar digiri 30. A nan sai ka yi amfani da waɗannan biyun, inda F ke nufin girma, θ kuma kusurwar da aka auna daga layin x na dama:

ɓangaren x = F × cos θ
ɓangaren y = F × sin θ

Na 50 N a digiri 30: ɓangaren x shi ne 50 × 0.8660 = 43.30, ɓangaren y shi ne 50 × 0.5 = 25. Ƙarfin kenan 43.30i + 25j. Duba zanenka: kibiyar digiri 30 ta fi kwanciya kan miƙewa, kuma ga shi 43.30 ya fi 25. Sun yi daidai da juna.

Kafin ka danna komai, duba saman fuskar kalkuletarka. In ka ga D ko DEG, da digiri take aiki. In ka ga R ko RAD, ta koma radiyan, wani ma'aunin kusurwa ne daban. Na taɓa tsayawa a kan wata ɗaliba da ta yi kusan minti goma tana goge amsa tana sake rubutawa, har takardar ta fara hujewa. Ta danna 50 × cos 30 ya fi sau biyar, kullum 7.71 take samu. Dabararta daidai ce, ƙanenta ne ya yi wasa da kalkuletar ya bar ta a radiyan, inda cos 30 ke ba da 0.154. Gwajin da zai tsare ka ba ya cin daƙiƙa biyar: danna sin 30. In 0.5 ta fito, ci gaba. In wani abu ne daban, gyara kalkuletar tukuna.

Akwai kuma tarkon da masu shirya tambaya suke so. Sai su ce ƙarfin ya yi digiri 20 da layin tsaye, wato daga y aka auna. In haka ne, ko dai ka mai da kusurwar zuwa ta layin x, 90 − 20 = 70 in dama ya karkata daga saman y, ko ka tuna cewa cos kullum tana tafiya da layin da kusurwar ta jingina da shi. Ni na fi son hanyar farko. Ka mai da kowace kusurwa ta zama daga layin x na dama, sai kalkuleta ta riƙa sa maka alamar ɗebewa da kanta a inda ya dace.

Mataki na uku: tara na kwance da na kwance, na tsaye da na tsaye

Bayan fasawa, taron ba wuya. Ga ƙarfi uku a kan abu ɗaya, duk a niyuton:

F₁ = 6i + 2j
F₂ = −4i + 7j
F₃ = 3i + 3j

Na i: 6 − 4 + 3 = 5. Na j: 2 + 7 + 3 = 12. Jimilla ita ce R = 5i + 12j. Ka jera su kamar yadda na jera, i ƙarƙashin i, j ƙarƙashin j, don kada alamar ɗebewa ta sulale maka. Kuma kada ka ce za ka haɗa 5 da 12 su zama 17. Hanyoyinsu daban ne, ɗaya dama ɗaya sama.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki a fili yake. Jan da ake yi zuwa sama ba ya ƙara wa jan dama komai, ba ya kuma rage masa. Kowane layi harkarsa yake yi, shi ya sa za ka iya yin lissafin x ka gama, sannan ka koma kan y.

Mataki na huɗu: fitar da girma

Yanzu muna da 5 a kwance da 12 a tsaye. Su biyun sun haɗu a kusurwar digiri 90, kibiyar R kuma ita ce dogon gefen alwatikar da suka yi. Ƙa'idar Fitagoras ta ce ka ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka tara, sannan ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimillar, wato ka danna √. Ana rubuta girman R tsakanin sanduna biyu:

|R| = √(5² + 12²) = √(25 + 144) = √169 = 13 N

Akwatinmu na farko ma haka ne: √(30² + 40²) = √(900 + 1600) = √2500 = 50 N.

Girma ba ya taɓa ɗaukar alamar ɗebewa. In ɓangarenka −4 ne, ninka shi da kansa 16 ne. Amma in ka danna −4² a yawancin kalkuletoci ba tare da baka biyu ba, −16 za su ba ka, don suna fara ninkawa sannan su manna alamar. Ko ka rubuta (−4)², ko ka yar da alamar gaba ɗaya a wannan matakin kaɗai, tunda a nan ba ta da tasiri.

Bari mu ɗauki wanda lambobinsa ba su faɗo sumul ba. Jiragen ja guda biyu suna jan wani abu a kan ruwa, ɗaya da 50 N a digiri 30, ɗaya da 80 N a digiri 120. Na farko mun riga mun fasa shi: 43.30i + 25j. Na biyu: 80 × cos 120 = −40, 80 × sin 120 = 69.28. Ka ga alamar ɗebewa ta fito da kanta, don kibiyar digiri 120 ta karkata hagu. Tarawa: 43.30 − 40 = 3.30 a kwance, 25 + 69.28 = 94.28 a tsaye. Girma: √(3.30² + 94.28²) = √(10.89 + 8888.72), wanda ya ba da kusan 94.34 N.

Wannan misalin yana da ƙofar baya da za ka gwada amsar da ita. Tsakanin 30 da 120 digiri 90 ne cif, saboda haka ƙarfin biyu su ma gefuna ne na alwatika mai kusurwar 90, kuma √(50² + 80²) = √8900 = 94.34. Hanya biyu, amsa ɗaya.

In ƙarfi biyu ne kawai kuma ka san kusurwar da ke tsakaninsu, akwai gajeriyar hanya: R² = P² + Q² + 2PQ cos θ, inda P da Q ke nufin girman ƙarfin biyu, θ kuma a nan kusurwar da ke tsakaninsu. Masu 30 da 40 ɗin nan, in suka matso kusa har tsakanin igiyoyinsu ya zama digiri 60, R² = 900 + 1600 + 1200 = 3700, R kuma kusan 60.83 N. Hanyar tana da sauri, amma da zarar ƙarfi ya kai uku ta fara wahala. Fasawa gida biyu kuwa ko ƙarfi goma ne ba ta canzawa.

Mataki na biyar: fitar da alƙibla

Girma rabin amsa ne. Kusurwar R ana samunta ta raba ɓangaren y da ɓangaren x, a danna tan⁻¹. Na 5i + 12j: tan⁻¹(12 ÷ 5) = digiri 67.4. Na akwati: tan⁻¹(40 ÷ 30) = digiri 53.1 daga gabas zuwa arewa. Na jiragen ja: tan⁻¹(94.28 ÷ 3.30) = digiri 88.0, kusan miƙe sama, kamar yadda ƙanƙantar 3.30 ta nuna tun farko.

A nan ne zanenka zai biya ka wahalarsa. Maɓallin tan⁻¹ ba ya ba da amsa sai tsakanin −90 da 90, wato yana ɗauka kullum kibiyar dama ta nufa. Ɗauki R = −3i − 4j. Hagu da ƙasa ta nufa. Amma −4 raba da −3 daidai yake da 4 raba da 3, alamomin sun cinye juna, kalkuleta sai ta ce 53.1, ta nuna maka kishiyar hanyar. Amsar gaskiya 53.1 + 180 = 233.1. Haka −3i + 4j: kalkuleta za ta ce −53.1, gaskiyar kuwa 126.9. Dokar ɗaya ce: duk lokacin da ɓangaren x yake da alamar ɗebewa, ƙara 180 a kan abin da kalkuleta ta faɗa. In kuma ɓangaren x sifiri ne, kada ka gwada rabawa, kibiyar a tsaye take, ko 90 ko 270.

Mataki na shida: bektar nuni

Akwai bekta ta musamman da girmanta 1 ne daidai. Ba ta ɗauke da labarin yawa, alƙibla kaɗai take nunawa, kamar yatsa. Shi ya sa zan riƙa ce mata bektar nuni. A littattafai za ka gan ta da 'yar hula a kan harafinta, kamar û. Ashe ma tun ɗazu muna aiki da biyu daga cikinsu, don i da j bektocin nuni ne na layin x da layin y.

Samunta abu ne mai sauƙi: raba kowane ɓangare da girman bektar.

û = R ÷ |R|

Na R = 5i + 12j mai girman 13: û = (5/13)i + (12/13)j, wato kusan 0.385i + 0.923j. Gwada ta nan take: 0.385² + 0.923² = 0.148 + 0.852 = 1.000. In ba ka samu 1 ba, ko girman ka kuskure ko rabon. Alamomi kuma suna nan yadda suke. Bektar nunin −3i − 4j ita ce −0.6i − 0.8j, don in ka zubar da alamomin ka juya yatsan baya.

Ka lura da wani abu mai daɗi: 0.385 kusan shi ne cos 67.4, 0.923 kuma sin 67.4. Wato a kan shimfiɗaɗɗen fili bektar nuni ba komai ba ce illa cos θ i + sin θ j. Abin da muka yi a mataki na biyu, ninka F da cos da sin, ninka girma ne da bektar nuni ba tare da mun kira sunanta ba.

Bekta ɗaya ce ba ta da bektar nuni, wato wadda girmanta sifiri ne. Ba a rabawa da sifiri, kuma abin da ba ya ja ko'ina ba shi da inda zai nuna.

Ɗalibai kan tambaya, tunda muna da kusurwa, me za mu yi da wannan kuma? Amsar tana fitowa ne idan aka bar takarda aka shiga sarari mai tsawo da faɗi da bisa. A can kusurwa ɗaya ba ta isa ta bayyana alƙibla, zane kuma yana rikicewa, amma bektar nuni tana aiki yadda take. Sai dai a ƙara layi na uku, z, da harafinsa k. Haruffan nan uku, i, j da k, daga aikin William Rowan Hamilton na ƙasar Ailan suka samo asali, a wani tsarin lissafi da ya fito da shi a 1843. Josiah Willard Gibbs a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila su suka sauƙaƙa abin a shekarun 1880 ya zama lissafin bekta da ake koyarwa yau.

Ga yadda ake yi. An ɗaura wayoyi biyu a kan wata ƙugiya da ke wurin A(1, 2, 0), wato 1 a layin x, 2 a layin y, 0 a layin z, ma'auni a mita. Waya ta farko ta tafi wurin B(3, 5, 6), tana ja da 70 N. Ta biyu ta tafi wurin C(2, 0, 2), tana ja da 45 N. Ba a ba mu kusurwa ko ɗaya ba.

Fara da hanyar da waya ta farko ta bi. Ɗebe lambobin inda ta taso daga na inda ta nufa: 3 − 1 = 2, 5 − 2 = 3, 6 − 0 = 6. Hanyar kenan 2i + 3j + 6k. Tsarin ɗebewar yana da muhimmanci, B ne ake ɗebe A daga cikinsa, don waya ja take yi daga ƙugiya zuwa inda aka kafe ta. In ka juya, ka mai da waya tana turi, abin da waya ba ta yi.

Tsawon hanyar: √(2² + 3² + 6²) = √49 = mita 7. Wannan 7 tsawon waya ne, ba ƙarfi ba, kada ka gauraya su. Bektar nuni: (2/7)i + (3/7)j + (6/7)k. Mita ta raba mita, ma'auni ya tafi, saura alƙibla tsura. Yanzu ɗora mata ƙarfin: 70 sau kowane ɓangare, F₁ = 20i + 30j + 60k. Gwaji: √(400 + 900 + 3600) = √4900 = 70. Ya dawo.

Waya ta biyu: 2 − 1 = 1, 0 − 2 = −2, 2 − 0 = 2. Tsawo √(1 + 4 + 4) = 3. Bektar nuni (1/3)i − (2/3)j + (2/3)k. Sau 45, F₂ = 15i − 30j + 30k.

Tara su: 20 + 15 = 35, 30 − 30 = 0, 60 + 30 = 90. R = 35i + 90k. A kan layin y wayoyin biyu sun kashe juna. Girma: √(35² + 90²) = √9325, kusan 96.6 N, ƙasa da 115 da mai gaggawa zai rubuta. Bektar nunin jimillar: 35 ÷ 96.6 = 0.362, 90 ÷ 96.6 = 0.932, wato 0.362i + 0.932k. Wanda zai ƙera ƙugiyar yanzu ya san nawa za ta ɗauka da kuma ta ina za a fizge ta.

Shawara a kan lambobi: bar bektar nuni a matsayin 2/7 da 3/7 har ƙarshe in zai yiwu. In ka yi saurin datse 2/7 ta zama 0.3, sau 70 zai ba ka 21 maimakon 20, kuskuren kuma ya bi ka har gida.

Idan ana son abu ya tsaya cik

Sau da yawa tambayar kan ƙare da cewa: wane ƙarfi za a ƙara don abin da ke tsaye kada ya motsa? Abu yana zama cikin daidaito ne idan jimillar ƙarfin da ke kansa sifiri ce, wato na x sun taru sun ba da sifiri, na y ma haka, na z ma haka. Saboda haka ƙarfin da ake nema R ce aka juya wa alamomi. Na 5i + 12j, amsar −5i − 12j, girmansa 13 N, a digiri 247.4.

Wannan dokar ce ke warware lissafin kayan da aka rataye. Ɗauki fitila mai kilogiram 10 da aka rataya a tsakiyar igiya, bakin igiyar biyu a ɗaure a bango biyu, tsayi ɗaya. Nauyin fitilar 10 × 9.8 = 98 N, yana ja ƙasa, wato −98j. Kowane rabin igiyar yana ja da ƙarfin da za mu kira T, a ce kowanne ya yi digiri 30 da layin kwance. A kwance, ɗaya na ja dama da T cos 30, ɗaya na ja hagu da irinsa, sun kashe juna. A tsaye, su biyun suna ɗagawa da 2T sin 30, kuma dole wannan ya yi daidai da 98. Tunda sin 30 rabi ne, T = 98 N. Kowane rabin igiya yana ɗauke da ƙarfin da ya kai nauyin fitilar dukanta, alhali su biyu ne.

Yanzu ɗaure igiyar tamau har kusurwar ta sauko digiri 10. Sin 10 kusan 0.1736 ne, T = 98 ÷ (2 × 0.1736), kusan 282 N. Ƙara ja ta koma digiri 5, T ya haura 560 N, fitilar kuwa ba ta ƙara ko giram ɗaya ba. Yayin da igiya ke miƙewa, ɓangarenta na tsaye yana ƙanƙancewa, sai ta nemi ƙarin ja mai yawa kafin ta samar da 98 ɗin da ake bukata a sama. A digiri sifiri sin sifiri ne, babu T da zai isa. Shi ya sa wayar lantarki tsakanin turaku biyu kullum take da ɗan lanƙwasa a tsakiya, kuma masu jan ta da gangan suke bar mata shi.